Kore Daga Kan Tudu

A ƙasar Haɗeja babu dutsen hawa. Munzali ya koyo hawan dutse a Jos inda yake aiki, har da takalmin musamman, don haka da ya zo gida bayan ambaliya sai ya kwashi iyali zuwa wani tudun rairayi a bayan ƙauyensu, kusa da Miga. Ya ce za su ɗauki hoto.

Dalilinsa ba hoto ba ne. Ruwa ya ci rabin gidan mahaifinsa, Malam Gwadabe, sauran bangon ma ya jiƙe har ƙugu. Tsohon ya rantse ba zai bi su birni ba muddin shinkafarsa na tsaye a fadama. Daga kan tudun ana hango gonar.

Suka hau a hankali, tsohon na dafe da kafaɗar jikarsa Adila. Daga sama, ruwa ne ko'ina, bishiyoyi sun nutse zuwa wuya, tsuntsaye fal. Wurin ya yi kyau ƙwarai. Matar Munzali ta yi ta ɗaukar hoto.

Idon Malam Gwadabe ya daɗe da yin yana. Ya juya wajen gonar.

"Amarya, me kika gani?"

Adila ta jawo hoton gonar kusa a waya. "Tsoho, gonarka ta tafi. Ba komai sai kacalla, ciyawar ruwa."

Ya yi dariya har da tari. "Ja'ira. So kike ki kai ni birni ki mallake ni."

"Wallahi da gaske nake."

"Jiya ma da gaske kika ce haƙorana na aro ne."

Tun tana rarrafe suke wannan wasa, maganar jika ba ta zama shaida. Ya juya ga ɗansa na fari, wanda bai taɓa kiran sunansa ba.

"Kai, duba mini."

Munzali ya karɓi wayar. Kacalla ce, ta rufe gonar har iyaka. Shekarunsa arba'in da wani abu, bai taɓa kai wa mahaifinsa mugun labari baki da baki ba. Kawunsa ne ke kaiwa, kawun kuma ya rasu bara. Ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Akwai kore, Baba."

"To, alhamdu lillahi."

Tsohon ya gyara hula, ya ce a ɗauke su gaba ɗaya, gonar a bayansu. Hoton ya fito tas.

Da la'asar motar ta kama hanyar Jos da mutum uku. Malam Gwadabe na zaune a gindin jiƙaƙƙen bangon, yana wasa lauje.