Kuyangin da Suka Ƙi Igiya

"Sunkuyar da kai mana, Stamatiya! Baiwa ce ke, ba matar magajin gari ba!"

Lefteris ne, mai shirya wasan, yake yi mata raɗa da ƙarfi daga bayan fage. Duk bazara mutanen tsibirin sukan taru a dandalin dutse su yi wasan tsohuwar waƙar kakanninsu: maigida ya dawo daga yaƙi, ya karkashe mazan da suka mamaye masa gida, sannan a rataye kuyanginsa don sun kwana da mazan. A nan ne ake tafi. Stamatiya mai gidan burodi ta daɗe tana fitowa cikin waɗanda ake ratayewa, ita da ƙawayenta na kasuwa. Ko suna ba a ba su.

Da safiyar ranar ta ce wa Evdokiya mai kifi, "Wai baiwa tana da bakin cewa a'a? A tilasta mata, a rataye ta, mu kuma mu tafa?"

"Gaya wa Lefteris mana."

"Na gaya masa. Wai haka aka gada."

Yanzu ga yamma ta yi, dandali ya cika maƙil. Tanasis na gidan waya, wanda ya fito a ɗan maigida, ya zura mata igiya a wuya. Ta san in ta yi abin da ke ranta, ƙila ba ta ƙara hawa fagen nan. Sai ta sa hannu ta zare igiyar, ta dube shi ido cikin ido.

"Da suka shigo mana ɗaki, kana ina? Wa kuka bar mana mu kai wa ƙara?"

"Don Allah, Inna," in ji Tanasis ƙasa-ƙasa, "wannan ba ya cikin wasan."

Evdokiya ta cire tata ta yar. Sauran matan suka bi.

Can cikin 'yan kallo wata tsohuwa ta miƙe tana dogara sanda. "Ba ta amsa mana, ɗan nan!"

Aka kwashe da dariya, tafi ya ɓarke, mata suna miƙewa layi-layi. Kuyangin suka ratsa taron suka fice, kai a sama.

Washegari Lefteris ya shigo sayen burodi, fuska a murtuke.

"Kin ɓata mini wasa."

"Na sani."

Ya karɓi burodinsa, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa.

"Baɗi ki ɗaga murya. Na baya ba su ji ba."