Muryar Khethiwe a Bakin Wata

A shekarar da waƙar Amaphela ta cika Soweto, Khethiwe a kujerar baya ta motar haya take jin ta. Nan ne wurin mai takaba. Ba wanda zai yarda ya zauna a bayan matar da mijinta ya mutu, don haka da ta doso mota da baƙaƙen kayanta sai mutane su kauce, ta wuce can ƙurya ta raɓe. Direba ya tura kaset, kiɗan kwaito ya fara dukan nan nasa mai nauyi, a hankali kamar takun mai ji da kansa. Sai muryar Mzwakhe ta shigo tana kiran layukan unguwar Meadowlands ɗaya bayan ɗaya, muryar mace kuma ta ɗauki amshi. 'Yan makaranta su kama bi, masu kayan miya su kama gyaɗa kai. Babu wanda ya taɓa waiwayowa ya dubi mai muryar.

Su uku ne suka kafa ƙungiyar a garejin kawun Lefa: Mzwakhe mijinta mai baiti, Lefa mai haɗa kiɗa, sai ita mai amshi. Kyankyasan garejin ne suka ba su suna, don ma'anar Amaphela ke nan. Mzwakhe ne ya riƙa bin tashoshin mota yana roƙon direbobi su sa kaset ɗinsu, wasu su kore shi, wasu su karɓa su wurga ƙarƙashin kujera. Wata Asabar yana dawowa daga irin wannan yawon, motar da ya shiga ta kife a hanyar Dobsonville. Kafin a tashi daga zaman makoki, direbobin da suka kore shi kowa neman kaset ɗin mamaci yake. Gidan rediyo ya ɗauka. Gidajen giya suka ɗauka.

Ita kuwa Khethiwe shekara guda ta takaba aka yanka mata. Baƙar riga, baƙin ɗankwali, baƙin mayafi a kafaɗa. Ba ɗaga murya, ba shiga taro, kuma rana ba za ta faɗi tana waje ba.

Wata safiya tana shanya wanki, Lefa ya zo ya tsaya a bayan shingen waya, hularsa a hannu.

"Sisi," in ji shi, don haka ake kiran 'yar uwa a can, "akwai magana. Bra Oupa ya samo mana filin ƙwallo, bikin Disamba. Har 'yan talabijin za su zo."

"To, madalla."

"Ba madalla a ciki. Ya samo yarinyar da za ta tsaya a madadinki."

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Ai kin san yadda ake yi," in ji Lefa, idonsa a ƙasa. "Kaset ake sawa mu yi ta tsalle a kai. Pinky ce, 'yar rawar nan ta Diepkloof mai jan gashi. Za ta riƙe makirufo ta dinga motsa baki."

"Da muryata?"

"To da ta wa? Tata ai ko akuya ba za ta tsaya ji ba."

Washegari ta shiga gari wurin Bra Oupa, mutumin da ke sayar da kaset ɗinsu yana nema musu wasa. Da ya gan ta a ƙofa sai ya ja kujerarsa baya, ya cusa hannuwa a aljihu don kada ya taɓa mai takaba.

"'Yar uwa, ki yi haƙuri. Mutane fuska suke saye. Wadda suka fara gani, ita ce mai waƙa har abada. In jira ki shekara? Wannan kiɗan kafin damina ta wuce ya tsufa."

"Bra Oupa, ni na yi waƙar," ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce? Kin gani ko? Ni da nake gabanki ma ban ji ki ba." Ya yi dariya, sannan ya ga ba ta motsa ba. "To, in kina iyawa ki zo. Da tsakar rana aka sa mu. Amma ki sani, 'yan rawata ba mai tsayawa a bayanki, kuma kaset ɗin da muryarki a ciki za a sa, ba zan canza shi ba."

Tsakar rana. Ta yi ta juya wannan a ranta har gida. In sun hau da tsakar rana, za ta iya dawowa rana na sama.

Ta sami surukarta, MaSithebe, tana tuƙa tuwon masara. Ta durƙusa a bakin murhu ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

"Makoti," in ji tsohuwar, don haka take kiran matar ɗanta, "ɗana bai gama kwanciya a kabarinsa ba. In kika ɗaga murya kin tashe shi. Ni ma na sa baƙin nan shekara guda na ubansa, ga ni ban mutu ba."

"Mama, ke ba a ɗauki muryarki an sa a bakin wata ba."

Muciya ta tsaya. Khethiwe ba ta taɓa mayar mata da magana ba tun da aka kawo ta gidan, har ita kanta ta tsorata da abin da ya fito daga bakinta. MaSithebe ta ci gaba da tuƙi, ta yi magana ba ta dube ta ba.

"Ban ce je ki ba. Amma in rana ta faɗi ba kya cikin gidan nan, kada ki taɓa min ƙofa."

Ranar bikin komai ya makara. Injin wuta ya mutu, aka tafi neman wani. Da aka tayar, manyan ƙungiyoyi suka ce ba za su jira yara ba, aka yi ta tura Amaphela baya. Khethiwe na bayan dandamali, ta jingina da jikin wata babbar motar kaya don kada kowa ya bi ta bayanta. Masu ɗaukar kaya suna kewaye ta kamar ramin da ba murfi. Ba ta ci komai ba. Inuwar motar ta bar ƙafarta, ta miƙe, ta yi tsawo har ta taɓa katanga.

Lefa ya zo yana gumi. "Sisi, ki tafi. In kin sami mota yanzu za ki kai. Gida ne fa, ba ki da wani a garin nan."

Ta san gaskiya ya faɗa. Danginta suna can nesa a garin Nquthu, kuma ba za su karɓi mai takabar da aka kora ba. Ta gyara mayafi, har ta ɗaga ƙafa. Sai ga Pinky ta taho tana taunar cingam, ta tsaya nesa kaɗan.

"Sisi, don Allah, a wurin nan na biyu na amshin me kike cewa ne? Kullum sai in haɗiye shi, kada kyamara ta kama ni."

Ba da mugunta ta tambaya ba. Khethiwe ta dube ta. Wurin nan na biyu, Mzwakhe ne ya sa ta maimaita shi har muryarta ta dushe, yana dariya yana cewa ta rera kamar mai kiran yaro daga ƙarshen layi. Ta juya wurin Lefa.

"Kana da kiɗan da babu muryata a ciki?"

"Yana bayan kaset ɗin. Sisi, Bra Oupa zai yanka ni."

"Juya shi."

Lokacin da aka kira Amaphela, rana ta zama ja a kan tudun ƙasar ma'adinai. Lefa da Pinky da 'yan rawa suka ruga gaba, filin ya ɗauki ihu. Khethiwe ta hau a ƙarshe, ta tsaya can baya, gadon bayanta a manne da manyan lasifikoki, makirufo a hannunta. Kiɗan na dukan haƙarƙarinta. Muryar Mzwakhe ta fito daga bayanta tana kiran layuka, jama'a na amsa masa. Aka zo wurin amshi. Pinky ta buɗe baki, ta karkata kai yadda aka koya mata, babu abin da ya fito.

Khethiwe ma da farko babu abin da ya fito. Watanni tana magana da raɗa, maƙogwaronta ya manta hanya. Ta ja numfashi ta sake. Muryar ta fito a tsage, sannan ta daidaita, ta tashi. Pinky ta sauke makirufo ta waiwaya, kyamara ta bi idonta. Wasu mata a gaba suka rufe baki da hannu. Wani mutum ya tofar da yawu ya juya baya. Amma daga can saman kujerun 'yan kallo aka ɗauki amshin, ya gangaro har ya rufe filin. Ta rera har ƙarshe, ba ta ko motsa ƙafa ba. Kafin ta sauko an kunna fitilu.

Bra Oupa ya tare ta a ƙasa, yana washe baki, hannuwansa dai a aljihu. "Asabar mai zuwa Durban! Ki zo da baƙin nan, ya karɓi kyamara."

Lefa ya raka ta har bakin layinsu ya tsaya. Duhu ya riga ya shiga, yara duk sun koma gida. Ƙofar waya a ɗaure take. Ba ta taɓa ba. MaSithebe ta fito da jaka da bargo, ta miƙo su ta saman waya.

"Na gan ki a talabijin ɗin maƙwabta. Duk layin nan sun gan ki."

"Mama, makara aka yi. Da tsakar rana suka ce..."

"Na ji muryarsa, na ji taki." Tsohuwar ta share ido da bakin zane. "Kayan nan na jikinki, mu muka sa miki, mu kaɗai ke cirewa in shekara ta cika. Yanzu sai ki nemi wanda zai cire miki."

Ta koma ciki ta rufe. Khethiwe ta tsaya da jakar a ƙirji har aka kashe fitilar tsakar gida. Sannan ta naɗe bargon ta ɗora a ka, ta nufi inda Lefa yake jira.