Madubin Ƙeya

Shekarar yarinyar huɗu, amma har yanzu in ta yi zane ta kawo wa babanta, sai ta riƙe takardar tana fuskantar ta, shi ta ba shi baya.

"Baba, ka ga kyanwata?"

Baban, mai aski ne, farar takarda kawai yake gani. Sai ya ce ta yi kyau.

Dā dariya abin yake ba shi, har ranar da yayarsa ta biyo ta shagon ta gani.

"Anya yarinyar nan kanta ɗaya? Nawa tun suna shekara uku suka wuce wannan. Ka kai ta a duba ta."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ya dai ƙudurta ran Litinin zai rufe shago ya kai ta asibiti.

Ran Asabar wani tsohon direba da ya saba zuwa shagon ya zo aski. Sanƙo ya cinye masa kai, saura ɗan abin da ya rage a ƙeya, amma ba ya tashi daga kujera sai an riƙe masa ƙaramin madubi ta baya ya ga ƙeyar a cikin babban madubin bango. Da aka gama ya hango yarinyar a kan benci tana kaɗa ƙafa. Manaja suke ce mata a shagon.

"Manaja, kullum zama, ba aiki? Zo ki nuna min ƙeyata."

Ta ɗauko madubin, ta hau akwatin da ke bayan kujera, ta ɗaga shi yana kallon fuskarta.

"Ga ta nan, Kaka."

"Ni dai katako nake gani."

Kunya ta kama mai aski. Ya miƙa hannu zai karɓa, tsohon ya ɗaga masa yatsa.

Yarinyar ta dubi madubin, ta dubi tsohon. Sai ta sauko, ta zagayo, ta matse a jikin kujera, ta jingina kumatunta da hannunsa, ta kalli inda yake kallo. Ta jima a haka, fanka na ta juyawa. Sannan ta koma ta hau akwatin, ta juya madubin.

"Yanzu fa?"

"Fanka nake gani."

Ta ɗan sunkuyar da shi. "Yanzu fa?"

"Yawwa. Ga ta. To, Manaja, ya kika gan ta?"

"Babu gashi sos…" Ta tsaya. Ta kalli fuskarsa a madubin bango. "Ta yi kyau, Kaka."

Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Ka ji maƙaryaciya. Irin ubanta sak."

Mai aski ya juya yana karkaɗe buroshi, buroshin da ya riga ya karkaɗe.

Ran Litinin ya buɗe shago kamar kullum. Wajen hantsi ta kawo masa zane, ta riƙe shi yadda ta saba. Wannan karon ya tsaya yana jira. Ta leƙo ta gefen takardar, ta ga idonsa, ta juya ta.

A karon farko ya ga kyanwar. Ƙafarta biyar.

"Ta yi kyau," ya ce. Ya nemo ƙusa ya kafa takardar kusa da madubi.