Bidiyon Muhsina

Motar Ajingi ba ta gama fita daga tashar Gaya ba Lauratu ta ji kukan 'yarta yana fitowa daga wayar matar da ke gefenta. Ta leƙa. Muhsina ce, 'yar shekara biyar, an ɗaura mata kwaɗo a ƙugu saboda ta yi fitsarin kwance, yara sun kewaye ta suna tafi. Ga ƙofar gidansu ta Toranke nan ɓaro-ɓaro a bayanta.

"Kin ga 'yar nan, wallahi ta kashe ni da dariya," in ji matar. "Mutum dubu tamanin sun kalla."

Lauratu ta kawar da kai. Muhsina 'yar fari ce, tun yaye take ɗakin kakarta, kuma uwa mai kunya ba ta kiran sunan ta fari, balle ta ce tata ce a gaban jama'a. Ta danne kwandon cefanenta.

A gaba rediyo na ta bayani cewa gwamnati na duba yiwuwar rufe manhajojin wayar nan na ƙasashen waje, wai suna kwashe bayanan mutane.

"Su rufe mana!" in ji wani dattijo. "Yaranmu sun lalace."

Direba ya yi tsaki. "Baba, titin nan ma ba su gyara ba, sai waya za su iya?"

Tana shiga gida ta tarar da Khairiyya, ƙanwar mijinta, a kan tabarma tana latse-latse. Surukarta, Inna Hanne, na tsince wake. Muhsina na raɓe a bayan randa. Kwana uku ke nan ta ƙi zuwa Islamiyya, sai yanzu Lauratu ta gane dalili.

"Khairiyya, ke kika ɗora yarinyar nan a waya?"

"Kai, matar Yaya! Kin gani ashe? Mun yi suna fa. Gara mu ci rabonmu kafin gwamnati ta rufe abin."

"Goge shi."

"Ko na goge, mutane sun riga sun sauke. Har 'yan Legas sun sa masa kiɗa."

"Na ce ki goge shi!"

Inna Hanne ta ɗago. "Ke, mene ne haka? Wa aka raina ba a ɗaura masa kwaɗo ba? Shi mijin naki sau biyu na ɗaura masa, ga shi nan ya zama mutum."

"Inna, shi mutum nawa suka gan shi? Mutanen gidan nan. Kwana biyu kowa ya manta. Wannan fa? Ranar da za a zo neman aurenta ma yana nan a wayar wani ƙato."

"To ina ruwanki? 'Yarki ce?"

Tambayar da aka saba yi ke nan cikin raha, Lauratu kuma takan sunkuyar da kai ta ce ta Inna ce. Yau kan bai sunkuya ba.

"Tawa ce, Inna. Ni na haife ta."

Waken ya zube daga hannun tsohuwar. Khairiyya ta kama baki. "Lallai! Yau kunya ta ƙare a gidan nan."

Lauratu ta fizge wayar, ta miƙa mata a fuska, ta tsaya a kanta har ta goge. Ta san bai hana komai ba. Matar cikin mota tana da nata, 'yan Legas suna da nasu, kuma ko gobe aka rufe manhajar ba wanda zai bi su gida-gida.

Ta shiga ɗakin surukarta, ta kwaso kayan yarinyar da allonta, ta fito tsakar gida.

"Muhsina. Taso mu je."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta dubi kakarta, ta dubi Khairiyya, tana neman wanda ya kira ta.

Lauratu ta durƙusa a gaban randar, ta sake kiran sunanta a hankali.