Sunan da Na Kira a Rafi

Ranar Laraba ce, an kwana ana ruwa a Ilesa, gari ya waye da laka da sanyi. Na bar shagon walda ban yi wa maigidana sallama ba, na nufi gidan Mama Aduke, annabiyar cocinmu.

Tun ina aji biyu na sakandare na bar makaranta. Na yi kwandasta, na yi gyaran babur, babu inda na cika wata shida. Ganga a coci kaɗai ce ban taɓa bari ba. Dehinde ke jan waƙa, ni ina bin sa da kiɗa. Shekara biyu muna son juna, ba wanda ya sani. Shi yakan ce Allah ya san mu tun muna ciki, ba abin da zai ba shi mamaki. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina son Yesu, ina son Dehinde, kullum ji nake sai na saki ɗaya.

Na tarar da Mama tana ɓarar agushi.

"Siju mai ƙafar yawo! Yau kuma wane aikin ka gudu ka bari?"

"Mama, ina son wanda bai kamata ba."

"Matar wani, ko? Ku makaɗa ba ku da ta ido." Ta yi dariya. "Azumin kwana uku. Asabar da safe ka zo rafi da sabon soso da sabulu."

Ban gyara mata ba.

A cocinmu haka ake yi: ka shiga ruwa ka yi wanka, ka kira sunan abin da ya ɗaure ka sau uku, ka jefa soson ta bayanka, kada ka waiwaya. Wasu cuta suke kira, wasu giya. Na yi niyyar in ce "sha'awa" kawai. Amma da ruwa ya kai mini ƙirji, Mama tana karanta Zabura, dattawa biyu suna kaɗa ƙararrawa a gaɓa, sai na ce in zan yi wa Allah ƙarya a nan, me ya kawo ni? Na ɗauka ƙarar za ta rufe muryata. Na kira sunan Dehinde sau uku.

Tun a na biyu ƙararrawa ta tsaya.

"Ɗana," in ji Mama a hankali, "wane Dehinde?"

Dehinde ɗaya ne a cocinmu.

Ranar Lahadi na tarar da gangata a hannun wani. Dattijon da ke ƙofa ya ce in koma gida tukuna. Ranar Talata na ji uban Dehinde zai tura shi Ondo wurin baffansa, na ruga tasha. Yana zaune gefen taga, leɓensa a kumbure.

"Kai ne zuciyarka ta ƙi kwanciya, Siju," ya ce. "Ni lafiyata ƙalau da Ubangijina. Don me za ka yi wanka da sunana?"

Mota ta tashi.

Son da na je in jefar yana nan yadda yake. Har yau ina addu'a, a ɗaki, ni kaɗai.

Ga abin da ya tafi: gangata, da farar rigata ta coci, da kujerar uwata a zumuntar mata. Dehinde ya rasa waƙa da gidan ubansa. Ni na rasa Dehinde.