Muryar Farin Kai

"Wuta za ta cinye shi," in ji Zuwaira mai tuwo, tana zuba miya. "In ba a ƙone Farin Kai yau ba, ni da bidiyo har abada."

"Ƙuna ta yi mai sauƙi," in ji Mutari kamasho, bakinsa cike. "Jan Ƙyalle ya sare hannun da yac ci amana da shi, ya bar shi da rai ya yi ta kallon dungu."

"Kai ba ka da imani."

"Shi yana da shi? Wa ya bar malaminsu cikin rami ya tahi abinai?"

Tanimun yana ƙarshen benci yana cin tuwonsa. Ya fi son jin irin wannan hira fiye da naman da ke cikin miyar.

Tun kaka ake nuna fim ɗin zanen Japan ɗin nan a rumfar bidiyon Sha'ibu da ke bayan tashar Ƙonni, kowace Asabar bayan la'asar. Don yara aka fara, amma ba a jima ba manya suka kora su kan tabarma suka hau bencuna. Labarin samari biyu ne da suka koyi takobi gun malami ɗaya, daga baya gaba ta shiga tsakaninsu. Sunayensu sun fi ƙarfin bakin mutanen tasha, sai aka raɗa musu Jan Ƙyalle da Farin Kai. Faransanci suke yi, shi ya sa Sha'ibu ya ɗauki Tanimun, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yana tsayawa gefen tele da mikro yana mayarwa Hausa.

Tanimun ba ya ha'inci a fassara, ban da wuri ɗaya. Duk lokacin da Farin Kai ya buɗe baki, muryar Ɗanjuma direba ce ke fitowa: maganar hanci, da gyaran murya kafin kowace kalma. Ranar da Farin Kai ya juya wa malaminsu baya, Tanimun ya sa masa a baki, "Ba ni tashi sai ta cika." Rumfa ta kece da dariya, don babu wanda bai taɓa jin Ɗanjuma ya faɗi haka ba.

Tanimun ma ya taɓa ji. Lokacin yana koyarwa a wani ƙauye kusa da Dogarawa, matarsa Kubura ta kwana tana zubar jini, ya kawo ta bakin hanya a amalanke. Motar Ɗanjuma kaɗai ce a layi. Ya roƙe shi, ya kama masa hannu. Ɗanjuma ya gyara murya ya ce ba ya tashi sai ta cika, haka sandika, ƙungiyar direbobi, ta tsara. Motar ta cika da azahar. Kubura ta cika kafin su kai asibiti.

Yanzu duk Ƙonni Farin Kai ake ce wa Ɗanjuma. Yara na bin motarsa suna toshe hanci suna kwaikwayonsa. Mata sun gwammace su jira mota ta gaba da su shiga ta maciyin amana. An ce 'ya'yansa sun yi dambe a lakwal kan sunan. Tanimun yakan ji waɗannan labarai ya ƙara loma.

"Malam, kai da ka san su," Zuwaira ta ce, "wa ka kashe wani?"

"Ni ma ban gani ba. Yanzu kaset ɗin ƙarshe ya iso daga Yamai."

Ya wanke hannu ya nufi rumfar. Sha'ibu ya riga ya rufe ƙofar langalanga, yana hura kan bidiyon. Suka zauna su biyu don gwaji.

An yi faɗan da ake jira, a kan wata gada, gari na ci da wuta bayansu. Gadar ta karye. Jan Ƙyalle ya faɗi, katako ya danne masa ƙafa, sojojin abokan gaba suna tahowa. Farin Kai ya tsaya kansa da takobi. Sai ya jefar da takobin, ya ɗaga katakon, ya goya shi, ya shiga gudu cikin hayaƙi kibau na sauka a bayansa. Yana gudu yana faɗin abu ɗaya: kada ka rufe ido, mun kusa.

Tanimun ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. Abin da ya yi ta faɗa wa Kubura ke nan a kujerar baya, kanta a cinyarsa, buhun albasa na dannar kafaɗarsa.

Sha'ibu ya share ido da hularsa. "Malam, ashe wanga mutum ɗan halak ne."

"Ba ka jin Faransanci, Sha'ibu."

"To mi yac ce?"

"Za ka ji da la'asar, tare da kowa."

Tanimun ya tafi masallaci ya dawo da shawararsa. Bajapanen da ya zana abin yana da ikon yafe wa Farin Kai, don ba matarsa aka bari a bakin hanya ba. Amma waɗannan kalmomi ba za su fita da muryar Ɗanjuma ba, ko da rumfar za ta faɗo.

Kafin la'asar ta sakaya wuri ya cika har ana leƙe ta ramukan zana. Zuwaira ta bar tukwanenta ta zo da kujerarta. Ana shirin farawa sai hayaniya ta tashi daga ƙofa.

"Ga shi! Farin Kai da kanshi!"

Ɗanjuma ne, karo na farko da ya taka rumfar. Ya tsufa fiye da yadda Tanimun ke tuna shi, rigarsa duk baƙin mai. Ya gyara murya, kafin ya ce komai aka fashe da dariya.

"An ce yau za a kashe ni," ya ce. "Na zo in ga wa ka yi mini salla."

Mutari ya matsa masa a bencin gaba. "Zauna nan, tsoho, ka ga gawarka da kyau."

Tanimun ya ɗauki mikro. Ya yi faɗan gada kamar yadda ya saba, muryar Jan Ƙyalle tsaf, ta Farin Kai ta hanci. Yana ganin Ɗanjuma ta wutsiyar ido, yana murmushin wanda ake yi wa aski da reza mai tsatsa. Da Farin Kai ya goya abokin gabarsa, sai Tanimun ya gyara murya.

"Ba wanda zai kashe ka sai ni," Tanimun ya faɗa ta hanci. "Bari in kai ka inda ba shaida."

"A'uzubillahi!" in ji wani daga baya. "Mugu har ƙarshe!"

Tanimun ya ji daɗin wannan har tafin ƙafarsa. Ya ci gaba. Kowane "mun kusa" ya mayar da shi zagi.

Farin Kai ya kai bakin kogi ya sauke Jan Ƙyalle a hankali. Ya tuɓe alkyabbarsa ya lulluɓe shi, ya ɗebo ruwa da tafi ya ba shi. Sannan ya juya, aka ga bayansa kamar na bushiya don kibau. Ya durƙusa, ya motsa baki.

"Da ina da sauran ƙarfi, da na yanka ka," in ji Tanimun.

Farin Kai ya kife. Kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa.

Can Zuwaira ta ja majina. "Malam, wa ka lulluɓe wanda za ya yanka?"

"Abin da ya faɗa na faɗa."

"To ai shi ne!" Mutari ya miƙe tsaye yana dukan ƙirji. "Ba ku gane ba? Baki na zagi, baya na ɗauka! Har ya mutu bai yarda ya ce yana son shi ba. Wanga shi ne namiji!"

"Kunya ce ta hana shi," in ji Zuwaira, tana kuka sosai yanzu. "Allah sarki. Jan Ƙyallen nan kuma mi yay yi? Kwanciya kawai, a goya shi kamar jinjiri."

"Dama ni tun farko ban yarda da shi ba."

"Ƙarya kake, Mutari, ɗazu hannu kac ce a sare!"

"Ɗazu ban san mutum ba!"

Gardama ta kaure, amma ba kan wa ya fi ba. Kan wa ya riga ganewa ake yi. Wani ya tuna Ɗanjuma ya taɓa tsayawa ya ja motarsa a hanyar Malbaza, yana ja yana zaginsa. Wani ya ce ai haka yake, bakin ne kawai. Samari suka ɗaga tsohon sama suka fita da shi suna kiran Farin Kai, irin kiran da ake yi wa ɗan kokawar da ya yi kaye.

Tanimun yana naɗe wayar mikro lokacin da Ɗanjuma ya dawo, hula a karkace, ido ya yi ja. Ya kama hannun Tanimun da hannu biyu.

"Malam, ka gafarce ni. Wallahi na zaci ƙina kake. Na yi ta tunani mi na yi ma bawan Allah nan, ban samu ba. Ashe gata kaka shirya mini." Ya gyara murya. "Gobe za ni sa a rubuta sunan bayan mota. Kai kuma duk sanda za ka wani wuri, gidan gaba naka ne. Iyali lahiya?"

"Lafiya," in ji Tanimun.

Bayan an watse Sha'ibu ya jawo wani kwalin kaset daga ƙarƙashin tebur, yana fara'a. "Sabon fim ne, Malam, tare sunka zo da na yau. An ce akwai wani mugu ciki, mai kan kwaɗo. In sa na farko mu gani?"

Tanimun ya durƙusa ya yi ta jujjuya kaset ɗin yana karanta lambobin jikinsu, har ya kai na ƙasa. Ya hure masa ƙura ya miƙa.

"Sa na ƙarshe," ya ce. "In ga yadda ya mutu tukuna."