Tutar Tatsuji

"Kai! Ruwan nan ya yi zafi! So kike ki dafa ni kafin ki tafi?"

"Da dafa ka zan yi, Kaka, ai da tun kana da sauran nama na yi. Ɗaga hannu."

Tsohuwa Fusae tana zaune a barandar gidan Tatsuji tana fere kanya, tana jin su ta bayan ƙyauren takarda, tana dariya ƙasa-ƙasa. Haka suke kullum. Tatsuji maƙwabcinta ne, tsohon kafinta, ya kusa casa'in, kunne ya tafi amma baki yana nan daram. Wulan kuwa mai jinya ce 'yar Indonesiya, mace mai jiki da fara'a, wadda ta yi shekaru tana hawo dutsen nan da 'yar farar motarta tana yi wa tsofaffin ƙauyen Hinotani wanka, har tsofaffin suka ƙare saura biyu, Tatsuji da Fusae. Ranar ita ce ta ƙarshe. An tsaurara dokar zaman baƙi, an ƙara wata jarrabawa, ta zauna ta faɗi, aka ce ta tattara ta koma gida.

Ta fito da shi a kafaɗarta, ta zaunar da shi a rana, tana taje masa 'yan gashin da suka rage.

"Ni dama na faɗa," in ji shi, yana kallon wani gefe. "Baƙo ba ya zama. Ka saba da shi ya kama gabansa."

"Ji tsohon nan! Wa ya miƙe a taron gari ya ce kada a kawo mu, za mu cinye ƙasa? Iya Fusae, ba shi ba ne?"

"Shi ne, har da buga sanda," in ji Fusae.

"To ga shi an ji maganarka, Kaka. Ƙasar ma da na zo na tarar birai sun riga ni cinyewa."

Tatsuji ya murza gwiwarsa. Can ya ce, "Ai ni ban ce ke ba."

Wulan ta ninke tawul ta ɗora a bakin baho, ta durƙusa ta sunkuyar da kai yadda ta ga ana yi, shi ma ya sunkuyar da nasa, ya ƙi ɗagowa har ta miƙe.

Ita ta sauko da Fusae daga matattakalar dutse, rabi riƙo rabi goyo, ta tsallakar da ita gada a mota. A ƙofar gida ta kama hannunta.

"Iya, don Allah ki riƙa duba tutarsa. Ƙafafun nan sun fi lalacewa a kan yadda yake nunawa. Rarrafe yake yi in babu kowa."

"Wa za a turo a madadinki?"

"An ce ana nema."

Fusae ta san ma'anar ana nema. Direban bas ma ana nema, shekara da shekaru.

Tutar kuwa ba wani abu ba ce, ƙyalle ne ruwan ɗorawa a jikin ɗan sanda. Da safe kowane tsoho ya soka tasa a ƙofar gida, ma'ana na tashi lafiya, da yamma ya shigar da ita. Wanda ya duba bai ga ta maƙwabcinsa ba sai ya buga wa ofishin gunduma, su hawo. Da can kwarin nan kamar an shanya wanki saboda tutoci. Yanzu gidajen duk a rufe suke, gora ta fasa daɓen wasu ta fito ta rufi, saura tuta biyu suna kallon juna, rafi a tsakani. Tun ranar da aka yi jana'izar matar Tatsuji suka yi alkawari shi da Fusae: duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ba zai bari ya kwana biyu a ƙasa ba a sani ba.

Ba a jima da tafiyar Wulan ba, wata safiya Fusae ta ji bugun guduma daga tsallake. Kwas. Sai shiru mai tsawo. Kwas. Ta ce a ranta, ji ɗan banzan tsoho, wanda aka ce rarrafe yake yi, har ya samu ƙarfin gyaran gida. Ta leƙa, tuta tana kaɗawa. Hankalinta ya kwanta.

Washegari ma tana nan, haka jibi. Da safe ta fito tsaf, da yamma idan lasifikar gari ta saki kiɗan nan na kiran yara su koma gida, a garin da rabonsa da yaro an manta, sai Fusae ta duba ta ga an shigar da ita. Tatsuji ne kuwa, mutumin da bai taɓa yin abu a kan lokaci ba sai faɗa.

Abin da ya fara damunta hayaƙi ne. Sanyi ya shigo, ganye ya yi ja ya zube, amma bututun gidansa ko ɗis. Ta ce wataƙila hita yake kunnawa. Sai kuma birai. Bishiyar kanyar da ke bayan gidansa, wadda ko hankaka ya sauka a kai sai ya fito yana dukan garwa yana zagin uwarsa, ga ta birai sun yi mata dafifi. Suna cin rabi suna yar da rabi. Wani babba ya zauna a kan rufin ya miƙe ƙafa, yana kallon gidanta kai tsaye, kamar shi ne mai gidan.

Ta buga masa waya, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Wannan ba sabon abu ba ne, ko aradu ta faɗi a ɗakinsa ba ji zai yi ba. Ta fito ta tsaya a bakin rafi ta ƙwala, "Tatsuji! Kai kurma!" Dutse ya maido mata da muryarta. Tutar ta kaɗa.

Ta buga wa ofis. Wani Hosokawa ya ɗauka, murya a gajiye amma cike da ladabi.

"Iya, tutar tasa ba ta fito ba ne?"

"Ta fito."

"Jiya fa?"

"Jiya ma ta fito."

"To ai madalla, Iya. Lafiyarsa ƙalau ke nan."

"Babu hayaƙi, ɗana. Kuma birai..."

"Iya, ki yi haƙuri, wallahi mu biyu ne a kan ƙauyukan dutsen nan duka, ɗayan ma yana asibiti. Ranar da ba ki ga tuta ba ki kira ni, ko ina cin abinci zan ajiye in taho."

"To. Ka yafe ni, na dame ka."

Ta ajiye waya tana jin kunya kamar ta yi roƙo. Ƙarya ɗaya ce za ta kawo shi, ta ce ba ta ga tutar ba. Ta sake ɗaukar wayar. Amma a ce an taso bawan Allah ya baro wasu tsofaffin, ya zo ya ga tuta tana kaɗawa, a ce Fusae ta fara ruɗewa? Ba ta iya ba.

Da yamma ta ja kujera bakin taga, ta ce yau sai ta ga hannun da yake shigar da tutar nan. Ta kafa ido, idon da ya riga ya yi hazo. Lasifika ta fara kiɗanta, inuwa ta rufe tsallaken. Ƙyauren gidan bai motsa ba, ta rantse bai motsa ba. Tutar ta yi wani lanƙwas a hankali, ta shige, ta ɓace.

Ta rufe taga, abincin da ta dafa ma a tukunya ya kwana.

Gari na wayewa ta soka tata tutar, ta ɗauki sanda, ta ƙulle dunƙulen shinkafa a ƙyalle don kada ta je masa hannu rabbana. Gada ba ta ba ta wuya ba. Matattakalar ce. Allah sarki tsufa! Wurin da take hawa da buhu a baya tana budurwa, yau da hannu da gwiwa ta hau shi, gansakuka tana zame mata, tana hutawa tana zagin Tatsuji da kakansa da ya ga dama ya yi gida a inda akuya ma sai ta yi shawara. Biran ba su gudu ba. Matsawa kawai suka yi suka ba ta hanya.

Da ta kai baranda ta ɗaga kai, sai ta ga abin.

Babu sanda. An cire ƙyallen daga sandarsa an kafe gefensa da ƙusa a jikin ginshiƙin baranda, can ƙasa, iya inda hannun mai rarrafe zai kai. Ƙusoshin a jere suke reras, aikin kafinta. Guduma tana yashe a gindin. Iskar safe da ke hawowa daga kwari ita ke buɗe ƙyallen wajen gidanta, ta yamma mai saukowa daga dutse ta naɗe shi bayan ginshiƙi. Tun ranar da ta ji bugun nan, iska take gaisawa da ita.

"Tatsuji," ta ce a hankali. "Na shigo."

Ta zuge ƙyaure. Warin ya riga idonta ba ta labari, duk da sanyi ya rufa masa asiri. Yana zaune a gaban guntun tebur, bargo a ƙafafunsa, ya ɗora kai a kan hannuwa kamar ɗan makarantar da barci ya sace. Kofin shayi ya bushe. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya ɓalla maɓallan a karkace. Ta ƙofar bayi ta hango tawul a ninke a bakin baho, ba wanda ya taɓa shi.

Ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Kai dai mugun tsoho ne," ta ce. "Ni za ka yi wa haka? Ba mun yi alkawari ba? Tsoron me kake, kada a kai ka gidan tsofaffi? Ko kada in hawo in faɗi? To ga ni na hawo, sai ka tashi ka hana ni."

Ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta lallaɓa ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsinko ganye a bakin baranda, ta tsoma, ta shafa masa a leɓe, ruwan ƙarshe da ake ba mai tafiya. Ya kamata a ce da sauran ɗumi a jikinsa aka yi. Ta ba shi haƙuri a kan haka.

Ƙusoshin sun ƙi fita. Da haƙori da farce ta yage ƙyallen, sannan ta shiga ta ɗauki wayarsa.

"Ɗana, Fusae ce. Tutar Tatsuji ba ta fito ba."

Hosokawa ya cika alkawari kuwa, kafin azahar ya iso da 'yan sanda da likita. Ashe shi ma furfura ce fal kansa. Ya tsaya gaban ginshiƙin yana kallon ƙusoshin, sannan ya sunkuya mata har ƙasa. Shi ya goya ta ya sauko da ita. A bayansa ta ce, "A gaya wa Wulan."

"Lambarta ta nan ta daina shiga, Iya. Zan bincika."

"To ni kuma fa? Tutata?"

"Ki ci gaba da sakawa, Iya."

"Wa zai gani?"

Yana ci gaba da gangarawa ya ce, "Ana ƙoƙarin samo wanda zai riƙa zagayowa."

"Ana nema," in ji Fusae.

"Ana nema, Iya."

Bayan an ƙone gawar bisa al'adarsu an kai toka haikalin da ke gindin dutse, wata safiya Fusae ta tashi, ta ɗauki tutarta, ta tsaya a ƙofa. Tsallaken rafi an rufe gidan da katako. Ta juya tutar a hannunta, ta mayar da ita bayan ƙyaure. Ba don komai ba, so take ta gani ko wani zai lura.

Ta share ƙofar gida. Ta dafa shayi, ta fito da kofi biyu, ko da wanda zai hawo ya zo da ƙishi. Ta zauna a bakin taga inda ake hango kwanar hanya.

Rana ta hau, ta tsallake rafi, ta fara gangara. Ta zubar da shayin da ya huce ta sake dafa wani. Can wajen la'asar wani abu ya motsa a kan gada, ta miƙe har tana ture sandarta. Barewa ce. Ta tsaya a tsakiyar gadar tana kallon gidan, ta daɗe, sannan ta sunkuya tana cin ciyawar da ta tsiro a tsagin kwalta.